Shekarar da Na Kafa Waya a Saman Teburina

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi nake roƙo ya ba ni ikon kai shi ƙarshe, don shi ne wanda na fi daɗewa ina gudu.

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da rufe shagona. Ba a faɗa a gabana, amma kunnena bai mutu ba tukuna. Ana cewa Rakiya ce ta ɗauki ubanta a waya ta watsa wa duniya, mutane suka ga hannunsa yana rawa, masu kawo aiki suka watse, dole ya rufe. Har jikokina haka suka ji. Shekara uku ke nan maganar tana yawo a tsakaninku, kuma ni ne na bar ta ta yi yawo. Yanzu na gaji. Ku yi haƙuri da munin rubutun, da hagu nake yi, wata rana shafi ɗaya, wata rana ko layi biyar ba na kaiwa.

Fiye da shekara arba'in na yi ina gyaran keken ɗinki a shagon nan na unguwar Liman Abaji a Keffi. Kun san wurin: ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, tebur a tsakiya, bango cike da gawarwakin kekunan da masu su suka haƙura suka bari. Teloli daga unguwar Yara, daga ƙauyuka, har daga Nasarawa suna ɗauro keke a bayan babur su kawo mini. Abin da nake alfahari da shi kunnena ne. A taka keke sau uku a gabana, in gaya wa mai shi inda ciwon yake kafin in taɓa sukudireba. Amma a shekarun ƙarshe babu wanda nake koya wa. Waɗanda suka zauna da ni a da duk sun bi hanyar Abuja, wasu gini, wasu acaba. Ni kaɗai nake buɗewa, ni kaɗai nake rufewa.

Da damina ne, lokacin dogon hutu, Rakiya ta zo gida daga Nasarawa inda take koyar da 'yan mata ɗinki a makaranta. Kwana biyu da zuwanta ta biyo ni shago, ta zauna a benci tana kallo na har na gama wani keke. Sannan ta ce:

"Baba, kekunan makarantarmu sun fi rabi a kwance. Babu mai gyara. Ina so in ɗauke ka a bidiyo kana aiki, in koya, in kuma nuna wa yarana."

"Ni ɗan wasan kwaikwayo ne?" na ce. "Da furfurata za ki sa ni a waya?"

"Ba fuskarka nake so ba, Baba. Hannunka kawai. Daga sama za a ɗauka, ko hularka ba za ta fito ba."

Na ce a'a, na kuma ɗauka magana ta ƙare. Da na koma gida na tarar ta riga ni kai ƙara wajen Ummanku. Ina wanke hannu, Ummanku tana kwashe tuwo, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce:

"Malam, cikin 'ya'yan nan naka duka, wa ya taɓa tambayar ka aikin nan in ba ita ba? Ka bar ta mana."

Washegari muka fara. Rakiya ta hau benci ta tsaya a bayana, ta miƙa hannu biyu bisa kaina riƙe da wayar. Ba a yi minti biyar ba kafaɗunta suka gaji. Da muka duba, hoton sai lilo yake, ba ka gane allura balle ƙaramin sukuru. Na ce hannunta ne ba shi da ƙarfi. Muka ɗaure wayar da igiya a jikin matacciyar fankar da ke rufi, sai ta kama juyawa kamar guga a bakin rijiya, ta nuna tebur, ta nuna ƙofa, ta nuna kwalin mai. Na ce igiya ce. Rana ta uku na buga dogon katako a gefen tebur na lanƙwasa masa kai, muka ɗaure wayar a can. Wannan ya ɗan yi dama, amma da zarar na juya wilin keke sai tebur ya girgiza, katako ya girgiza, hoto ya girgiza. Na ce tebur ne.

A nan abin ya daina zama na Rakiya ya zama nawa. Kun san halina, ba na iya barin abu ya gagare ni a cikin shagona. Na juya tsohuwar kalanda na zana abin da nake so a bayanta. Dole ya tsaya da ƙafarsa a ƙasa, kada ya taɓa tebur ko kaɗan. Dole ya yi nauyin da iska ko giftawar mutum ba za su motsa shi ba. Dole kuma hannunsa ya iya hawa da sauka, don wani aikin yana son a ga keken gaba ɗaya, wani kuma sai an matso har bakin allura. Na jawo ƙafar wani tsohon keke daga kusurwa, irin baƙin ƙarfen nan mai nauyi da ba a yi yanzu. Na samo bututun ruwa da ya fi ni tsawo da kamu ɗaya, shi zai tsaya. Na samo wani siriri da zai gicciya ya miƙo bisa tebur. Na ware wilin wani mataccen keke da zan rataya a wutsiyar siririn, ya ja baya, don kada nauyin waya ya sa shi sunkuyawa. Na tattara su a baro na tura zuwa tsallaken titi, wajen Yohanna mai walda.

Yohanna ɗan ƙabilar Eggon ne, maƙwabcina na shekara talatin, kuma tun farkon haɗuwarmu bai taɓa kira na da sunana ba sai Injiniya. Ya ɗaga gilashin waldarsa, ya dubi kayan, ya dubi kalandar, ya yi dariya har da tari.

"Injiniya, wannan abu mutum za ka rataye ko waya?"

Na yi masa bayani. Ya ƙwanƙwasa ƙafar keken da guduma ya saurara, sannan ya girgiza kai.

"Wannan ƙarfe ba ya shan walda. In na sa masa wuta zai tsage. Sai dai mu huda, mu ɗora faranti mu ɗaure da noti, sai in liƙa bututun a kan farantin."

Ya fi ni gaskiya, na bi tasa. Ya miƙo mini ƙusar da ake yin alama da ita ya ce in riƙe a inda nake son ramin, shi zai buga. Na riƙe. Ya ɗaga guduma, ya tsaya, ya sauke. Sai ya karɓi ƙusar daga hannuna ya ce in matsa inuwa, rana ta yi zafi, zai ƙarasa. Ranar hadari ne ya rufe sama, babu wata rana. Na koma inuwar da ya ce.

Kwana huɗu muka yi a kai. Yohanna ya yi wani zoben ƙarfe da ke zamewa a jikin dogon bututun, da noti mai kunne da ake murɗawa da yatsa, shi ke riƙe da hannun a tsayin da ake so. Mazaunin wayar ni na yi shi da kaina: katako biyu sirara, na shimfiɗa musu robar tub ɗin taya don kada su ƙuje ta, sifirin na sirdin keken hawa yana matse su, na kuma huda gurbin da idon kyamara zai leƙo ƙasa. Na yanka tsohuwar taya na sa a ƙarƙashin ƙafafun don motar da ke wucewa a titi kada ta girgiza shi. Da muka kafa shi a shago na ɗora murfin kwalba cike da ruwa a kan mazaunin, na yi ta murɗa noti har ruwan ya kwanta daidai bai karkata ko'ina ba. Sai matsalar haske ta taso, inuwar kaina tana faɗawa kan aikin. Muka ja tebur kusa da ƙofa, muka rataya farin yadi a bangon da ke fuskantar ta. Daga ƙarshe Rakiya tana duba waya tana gaya mini iyaka, ni kuma na zana gida mai kusurwa huɗu da alli a kan tebur: duk abin da ke cikin layin nan kyamara na ganin sa, abin da ke waje ba ta gani.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin nan. Na daɗe ban ƙera wani abu daga babu ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon sa, dogo, baƙi, ya sunkuyo bisa teburina, na ji kamar na koma ɗan shekara talatin.

Bayan la'asar muka yi ɗaukar farko. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Aikin da na zaɓa mai sauƙi ne, wanda na yi sau dubbai: cire farantin da ke ƙarƙashin allura, share datti, mayarwa. Na yi ina bayani. Da na gama Rakiya ta ciro wayar, ta jingina ta da kwalin mai, muka zauna a benci ɗaya muna kallo.

Hoton ya tsaya cak. Tebur bai motsa ba. Keken bai motsa ba. Layin allin da na zana yana nan kamar an buga shi da ƙusa. Abu ɗaya ne kaɗai yake rawa a cikin hoton, hannuna na dama. Na ga bakin sukudireba yana zagaya kan sukuru, ya kusa shiga ya kauce, ya dawo ya kauce, sai a karo na huɗu ya faɗa. Sannan na ga abin da ya fi wannan ciwo: hannuna na hagu ya shigo daga gefe a hankali ya kama wuyan na dama ya danne shi a kan tebur. Wallahi ban san ina yin haka ba. Kuma daga yadda ya yi shi, ba tare da laluba ba, na gane ya daɗe yana yi.

Ba cewa zan yi ban san komai ba. Kusan shekara guda sukuru yana faɗuwa daga hannuna, na ɗora wa tabarau. Na canza tabarau, na ɗora wa duhun shago. Amma daga inda idona yake, kullum akwai abin ɗora wa. Daga sama babu.

"Baba, bari in goge," in ji Rakiya. "Gajiya ce. Mu sake gobe."

"Mayar da shi baya."

Ta mayar. Na sake kallo har ƙarshe.

"Tun yaushe kika sani?"

Ruwa yana ta dukan kwano. Sai da na maimaita ta ce:

"Tun Babbar Sallar bara. Umma ce ta fara gani, a wajen cin abinci. Ta ce kada wanda ya yi maka maganar."

"Ashe abin da ya kawo ki ke nan. Ba kekunan makaranta ba. Kin zo ki kwashe kafin ya zube."

"Duka biyun ne, Baba."

Kwana biyu ban yi mata magana ba, ban yi wa Ummanku ba. A rana ta uku da safe Ummanku ta ajiye mini koko, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, fushin nan da wa kake yi? In da ni ne, ga ni. In da yarinyar nan ne, ba ta yi maka komai ba. In kuma da wanda ya ba ka hannun ne, to ka yi istigfari ka tashi mu je asibiti."

Muka je. Likita ya sa ni na miƙa hannu, na taɓa hanci, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, amma magani yana rage masa gudu. Na tambaye shi shekara nawa suka rage mini a aiki. Ya tambaye ni wane aiki. Da na gaya masa, sai ya sunkuya yana rubuta magani.

Daga asibiti shago na wuce. Na ce wa Rakiya ta mayar da wayar mazauninta. In kwashewa ta zo yi, to ta kwashe duka, kada ta bar komai. Haka muka cinye ragowar hutun. Da aka koma makaranta, duk Juma'a da yamma sai ta hau mota daga Nasarawa, mu yi Asabar da Lahadi a ƙarƙashin ƙarfen nan, ta koma. Na nuna yadda ake daidaita allura da ƙugiyar da ke ɗaukar zare daga ƙasa. Na nuna abin da ke sa ɗinki tsallake, da abin da ke sa zare cukurkuɗewa a bayan yadi, da yadda ake gane bel ya saki tun bai fara zamewa ba. Na sa ta matso da wayar don ta kama sauti, na ce ji wannan ƙarar, ta rashin mai ce, ji wannan kuma, ƙarfe ne ya ci. Inda hannuna ya ƙi, sai in janye shi waje da layin alli, nata ya shigo, ni ina faɗa tana yi. Aiki ne mai gajiyarwa. Abin da hannu ya sani shekara arba'in, fitar da shi ta baki wahala ne. Wata ranar sai in koma gida ko magana ba na iyawa.

Duk wannan lokacin babu wanda ya ga bidiyon sai ɗalibanta. Kuma duk wannan lokacin ina ci gaba da karɓar aikin mutane a ranakun mako, ni kaɗai, kamar babu abin da ya faru. Wannan shi ne laifina na farko.

Da Kirsimeti ya matso, Madam Rifkatu ta kawo kekenta. Tela ce a Yara, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, da keken nan take riƙe da su, kuma tun tana amarya ni ke duba mata shi. Ta karɓi ɗinkin rigunan mawaƙan cocinsu, tana so in share shi in sa mai kafin ta shiga aikin. Lafiyarsa ƙalau. Ranar Asabar ce, Rakiya tana nan, muka ce bari mu ɗauka. Kwana biyu bayan Madam Rifkatu ta tafi da shi ta dawo, zare yana tsinkewa. Na duba, na ce zaren ne ba shi da kyau. Ta canza zare, ta dawo. Na ce allura ce. A karo na uku ta zauna a bencin nan ta sa gefen zaninta a ido.

"Baba Shehu, saura kwana biyar. Sun ce in ba zan iya ba in dawo musu da yadinsu. Me ya sami keken nan?"

"Madam, tsufa ne," na ce. "Keken ya gaji."

Ta tafi. Ta mayar musu da yadinsu, aka kai wa wani.

Da Rakiya ta zo a ƙarshen makon na ce ta nemo mini ɗaukar ranar. Na riga na san abin da zan gani, amma ina so in gani. Ga shi nan a fili: sukudireba ta kuɓuce mini ta daki bakin ƙugiya. Ɗan ƙarami ne rauni, ido ba ya kama shi sai an sani, amma ya isa ya yanka zare duk juyi. A bidiyon har an ji na ja numfashi. Wato na sani tun a lokacin. Na sani, na rufe farantin, na miƙa wa matar nan kekenta, na kuma yi mata ƙarya sau uku.

Ranar na zauna ƙarƙashin ƙarfen, na ɗora hannuwana biyu a tsakiyar layin alli, babu keke, babu komai. Na ce ta kunna. Na faɗi sunana da unguwata. Na ce ga hannun da kuka sani, ku dube shi da kyau, ba ya iya aikin da yake yi a da, duk wanda ya kawo mini keke daga yau ya san abin da ya kawo wa. Na ce ta tura wa zauren teloli na waya, inda kusan duk mai keke a Keffi yake.

"Baba, don Allah kar ka sa ni," in ji ta. "Ka gaya musu da bakinka, ɗaya bayan ɗaya. In ya shiga waya ba ya dawowa. Har inda ba ka zata ba zai kai."

"Ba zan iya kallon idonsu ɗaya bayan ɗaya ba."

"To ka rufe shagon shiru, ka ce hutawa za ka yi."

"In na ce hutawa zan yi, gobe wani zai buga mini ƙofa da keke, kuma na san kaina, zan karɓa. Ki tura."

Tana kuka ta ce ba za ta iya ba. Sai na faɗi abin da uba ke faɗa in ya rasa hujja. Na ce in dai ni na haife ta, ta tura. Ta tura. Ku ji da kyau: ni na sa ta, da rantsuwa, tana roƙo na kada in yi.

Washegari muka je Yara ni da ita, da sabuwar ƙugiya a aljihuna. Na gaya wa Madam Rifkatu gaskiya a ƙofar shagonta, Rakiya ta durƙusa ta canza mata da hannunta, keken ya tashi. Matar ta daɗe tana kallo na, sannan ta ce:

"Da ka gaya mini tun ranar farko, Baba, da na ari keke."

Ta kawo mana ruwa, muka sha, muka tafi.

Abin da na nema na samu. Cikin wata guda ƙafa ta ɗauke. Amma neman abu daban, zama a cikinsa daban. In buɗe da safe, in share tebur, in zauna har azahar babu wanda ya leƙo sai Yohanna, da zai tsallako da wani ƙaramin abu da bai lalace ba ya ce in duba masa. Wasu da muka yi shekara talatin tare, in sun hango ni sai su gaishe ni da murya irin ta gaida mara lafiya. Kafin azumi na sa wa shagon kwaɗo. Rakiya ta nemi izini ta ɗauki ƙarfen a bayan a-kori-kura ta kai makarantarsu.

Sai Ƙaramar Sallah ta zo, kowa ya hallara. Abba, kai ne babba, kuma kai abokin aikinka ya nuna wa bidiyon a ofis yana tambayar ko ba mahaifinka ba ne wannan. Na fahimci zafin da ka zo da shi. Kun tuna, muna tsakar gida bayan an sauko daga idi, kwanon abinci a gabana, ka miƙe tsaye a kan ƙanwarka.

"Ke wace irin 'ya ce? Ubanmu ne kika mayar abin kallo? Saboda a ce kin iya waya? Kin kashe masa sana'a, kin zubar masa da mutunci, kin zo kin zauna kina cin abinci!"

Ni ta juyo ta kalla. Kalma biyu kawai take jira, in ce ni ne. Na sunkuyar da kai na dubi kwanona. Ummanku ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu, ta yi shiru, don ba ta taɓa saɓa mini a gabanku ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Amsar ba ta da kyau. Tun da na rufe shago, ranar ce ta farko da na ga 'ya'yana sun tsaya mini, suna fushi saboda ni. Tsohon da 'yarsa ta tozarta, ana tausaya masa. Tsohon da ya ɓata wa gwauruwa aikinta ya kuma yi mata ƙarya, wani kallon ake yi masa. In na ce ni na sa ta, za ku tambayi dalili, dole in kawo zancen Madam Rifkatu. Na zaɓi tausayin. Na ce a raina gobe zan gyara. Washegari da sassafe Rakiya ta gaishe ni kamar kullum, ta tuna mini lokacin shan magani, ta tafi tasha. Tun daga nan ba ta sake yin Sallah a gidan nan ba. Tana zuwa a tsakiyar zango, ranar da ta san babu kowa, ta kwana ɗaya ta koma. Ku kuma kuka ce kunya ce ke hana ta haɗuwa da ku.

Watan jiya na ce wa Ummanku zan je Nasarawa. Ba ta tambaye ni me zan je yi ba, ta ɗauko mini babbar riga kawai. Na sami Rakiya a ɗakin ɗinkin makarantar, kekuna a jere, duka suna aiki, na ji da kunnena tun daga baranda. Ta sallami ɗalibanta, ta kai ni gidanta, ta shimfiɗa mini darduma. Ta haɗa shayi ta miƙo mini, na ga rabin kofi ta zuba, yadda ba zai fantsama a rigata ba. Na riƙe kofin da hannu biyu na faɗi abin da ya kawo ni. Ban iya shi da kyau ba, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai. Ta bar ni har na gama.

"Baba, maganar Yaya Abba ba ta dame ni ba," ta ce. "Bai sani ba ne. Da ka sunkuyar da kai ne na ji kamar ba ni da kowa a gidan."

Na ce ta yafe mini.

"Na yafe tun a mota ranar. Dawowar ce na kasa."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa muku da kanta, shekara uku, ga shaida a wayarta, muryata ce a ƙarshen ɗaukar ranar, wurin da ta yanke kafin ta tura, ina rantse mata. Ta ce ba nata ba ne ta faɗa.

To, ga shi na faɗa. Hannun hagun ma ya gaji, zan ajiye biro. Abba, in ka karanta wannan kada ka kira ni, ba ni za ka nema ba. Ƙarfe biyu ƙanwarka take tashi daga makaranta.